Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar NITDA: muryoyinmu sun fara fita daga hannunmu

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, Darakta Janar na Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci. Na zaɓi in rubuto da Hausa domin na san harshenka ne, kuma maganar da ke tafe da ni a cikin Hausa take, da ita za ta fi fita.

Ni mai gyaran waya ne a Kano. Shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a bayan teburi ɗaya, da sukundireba da na'urar liƙi, ina canza sikirin da wurin caji, ina tura wa mutane karatu da wa'azi da fina-finai a memori. Ban yi jami'a ba, amma duk wata sabuwar fasaha da ta shigo wayar talaka, a kan teburina take fara nuna halinta. Abin da na gani a 'yan watannin nan shi ya hana ni yin shiru: yadda ake amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, fasahar da ke sa na'ura kwaikwayon ɗan Adam, a haɗa muryar mutum a yi damfara da ita.

Wata rana da hantsi wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo shago, mayafinta a karkace, wayarta a ƙulle cikin habar zani. Ɗanta direban tirela ne, yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, shi ya saya mata wayar ya koya mata danna saƙon murya a WhatsApp, tunda ba ta karanta boko. Ta ce in raka ta wurin mai POS yanzu-yanzu, yaron ya shiga matsala a hanya. Ta miƙo mini wayar na saurara. Baƙuwar lamba ce, amma murya tasa ce, har da ɗan shaƙewar nan da yake yi in ya kwana yana tuƙi. Yana cewa wayarsa ta faɗa ruwa, an tsare shi, a tura dubu tamanin ta wannan asusun kafin azahar, kuma kar ta gaya wa kowa. Na san yaron tun yana ƙarami, kuma wallahi a ji na farko ban yi shakka ba. Sai a ji na uku wani abu ya tsaya mini a rai. Saƙon ya fara da "Hajiya, ni ne", alhali duk unguwa an san Iya yake ce mata. Sannan babu gaisuwa, babu "ina kwana", babu "ya ƙafar taki", kuma wannan yaro ko gobara ake yi sai ya gaishe ta kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Na kira tsohuwar lambarsa, bugu biyu ya ɗaga, yana wajen Lokoja yana shan shayi, lafiyarsa ƙalau. Iya ta zauna a kan bencina hannunta na rawa, ta kasa magana kusan minti goma. Da muka bincika, yaron yana da bidiyo sun fi hamsin a TikTok, yana zaune a gaban mota yana hira da mabiyansa. Muryarsa tana nan a shimfiɗe a titi, kowa na iya ɗiba.

Bayan kwana biyu wani matashi a shagon da ke kusa da nawa ya ce bari ya nuna mini yadda ake yi. Ya naɗi maganata ta ƙasa da minti ɗaya, ya ɗora a wata manhaja, ya rubuta wasu kalmomi, sai ga ni ina faɗin abin da ban taɓa faɗa ba. Tsigar jikina ta tashi. Abin da na lura da shi kawai, na'urar har yanzu tana tuntuɓe a karin sauti. Ta kan furta garin tuwo kamar garin da ake zama, ta kan ja wasalin da ya kamata ta taƙaita. Wannan tuntuɓen shi ke ceton wasu a yau, amma ni da nake ganin yadda waya ke canzawa duk wata shida, na san ba zai daɗe ba.

Ranka ya daɗe ka fi ni sanin asalin abin. Tun a Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya bayyana wani bincike da ya ce daƙiƙa uku na maganar mutum sun isa a kwaikwayi muryarsa. A Maris na 2024 kamfanin OpenAI ya nuna tasa na'urar mai buƙatar daƙiƙa 15, ya kuma ƙi sakinta ga kowa da kowa saboda tsoron abin da za a yi da ita. Wasu kamfanonin ba su yi wannan jinkirin ba. A 2025 kuma aka shiga zamanin bidiyo mai haɗe da sauti, Google ya fito da Veo 3 a watan Mayu, OpenAI ya biyo da Sora 2 a ƙarshen Satumba. Ɓarnar ma ta riga ta bayyana a wurin waɗanda suka fi mu shiri. A farkon 2024 a Hong Kong aka yaudari ma'aikacin wani babban kamfanin injiniyoyi ta hanyar taron bidiyo, ya ga fuskokin shugabanninsa ya ji muryoyinsu, ya tura kusan dala miliyan 25, ashe duk na bogi ne. A watan Janairun shekarar aka riƙa kiran masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Shugaba Biden ana ce musu su zauna a gida. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai abin da nake so ka duba da kyau shi ne, wannan wuta za ta fi cin gemunmu fiye da nasu, domin mu mutanen kunne ne. Bature ya saba da takarda da sa hannu da hatimi, mu kuwa da murya muka saba. Tun 1957 da BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa, da zuwan Rediyon Kaduna a 1962, Bahaushe ya rataya rediyo a kafaɗa ya shiga gona da ita, ya shiga kasuwa da ita, ya kwana da ita a gefen filo. "Na ji da kunnena" hujja ce a wurinmu da ba a jayayya da ita. Da wayar salula ta zo a 2001, da WhatsApp ya biyo baya, saƙon murya ya zama wasiƙar wanda bai yi boko ba. Da shi ake cinikin buhunan masara tsakanin Dawanau da Maraɗi, da shi ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure, da shi mace ke aika wa mijinta da ke ci-rani cewa gero ya ƙare. Fatawa ma da murya take yawo. Mutum zai ce Malam wane ya ce kaza, in ka yi gardama ya ciro waya ya danna maka, magana ta ƙare. Yanzu ka ɗauka an haɗa muryar babban malami yana kafirta wasu, ko yana cewa a fito gobe bayan Juma'a, aka sake ta a zaurukan WhatsApp da daddare. Kafin malamin ya tashi sallar asuba ya ƙaryata, saƙon ya kai Agadas, ya kai zangon Kumasi. Garuruwanmu sun sha ganin abin da jita-jita ta baki kawai ke haddasawa, balle jita-jitar da ta zo sanye da muryar wanda ake girmamawa.

Akwai wani wurin da ya fi wannan ciwo, kuma ina rubuta shi zuciyata na nauyi. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, idan aka ɗauke mutum, abu na farko da iyalansa ke roƙo kafin su sayar da gona su haɗa kuɗin fansa shi ne a ba shi waya su ji muryarsa. Wannan muryar ita ce kaɗai shaidar cewa yana raye. A 2023 wata uwa daga jihar Arizona ta ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka cewa an kira ta da muryar 'yarta tana kuka, ana neman dala miliyan ɗaya, alhali yarinyar tana can lafiya. A can abin mamaki ne da ya kai ga majalisa. A nan, inda garkuwa da mutane ta zama abin da kowane gida ya san wanda ta shafa, wace uwa ce za ta ji kukan ɗanta a waya ta tsaya bincike? Kuma wane uba ne zai iya tabbatar da cewa wanda yake biya wa fansa bai riga ya rasu ba?

Kada a fahimce ni a matsayin mai ƙin fasahar. Da ita nake ci, kuma na ga alherinta da idona. Akwai wani makaho da ke zuwa wurina caji, yanzu wayarsa ke karanta masa saƙo. Na yi murna ƙwarai da na ji a Satumbar 2025 Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da N-ATLAS a birnin New York, ƙirƙirarriyar basira da cibiyarku ta NCAIR ta yi aikinta tare da kamfanin Awarri, wadda ke jin Hausa da Yarabanci da Ibo. Ranar da manomi a Ɗambatta zai ɗaga waya ya tambayi maganin tsutsar da ke cin masararsa da bakinsa, a ba shi amsa da Hausar da yake ji, ranar babbar rana ce. Google Translate ya sa Hausa tun Disambar 2013, amma da rubutu ya fara, kuma rubutu bai taɓa isa ga yawancin mutanenmu ba. Murya ce za ta isa. Shi ya sa nake jin tsoron a ɓata ta tun kafin mu ci moriyarta, mutane su wayi gari ba su yarda da duk abin da ya fito daga waya ba, har da na gaskiyar.

Ga abin da nake roƙo. Ƙasashe sun fara tilasta wa kamfanoni su yi wa abin da na'ura ta haɗa alama. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta tanadi a bayyana bidiyo da sautin bogi, Sin kuma ta fara tilasta alamar daga 1 ga Satumba, 2025. Na tabbata mu ma za mu bi sahu. Amma don Allah idan za a rubuta tamu, a tuna da Iya. 'Yar alamar Turanci a ƙasan sikirin ba ta da wani amfani ga wadda ba ta karatu, kuma saƙon murya ba shi da sikirin da za a duba. Alamar da za ta yi mana aiki ita ce wadda kunne zai ji: duk manhajar da ke haɗa magana da Hausa ta fara da faɗin cewa wannan murya na'ura ce ta haɗa ta, da Hausa, kafin komai. Na san ɗan damfara zai nemi hanyar yanke wurin, amma ƙofa mai sakata ta fi wadda aka bari a wangale, kuma yankewar kanta ta zama laifin da za a kama shi da shi.

Sannan batun manyan dandamali. Kai ne ka jagoranci kwamitin da ya zauna da Twitter lokacin da aka dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a 2022 hukumarka ta fitar da ƙa'idojin aiki ga irin waɗannan kamfanoni. Saboda haka ƙofarsu ba baƙuwa ba ce a wurinka. Ka tambaye su, a rubuce, mutum nawa ne masu jin Hausa suke duba ƙorafin da ake kai musu, kuma kwana nawa ƙorafin Hausa ke yi kafin a waiwaye shi. A wallafa amsar kowa ya gani. Na taɓa taya wani abokin ciniki kai ƙarar wani bidiyo a ɗaya daga cikin dandamalin nan, an ɗauki fuskar wani malami da muryarsa ana tallar maganin ƙarfin maza da su. Muka kai ƙara sau huɗu, sau huɗu ana dawo mana da amsar cewa bidiyon bai saɓa ƙa'ida ba. Duk wanda ya ji Hausa zai gane cin mutunci ne a daƙiƙa biyar. Kamfanin da ke cin kuɗin talla daga idanun miliyoyin Hausawa bai kamata ya gagara ɗaukar Hausawa aikin saurare ba.

Abu na gaba ya shafi haƙƙi. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta sa bayanan halittar jikin mutum cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, kuma akwai hukumar da aka kafa domin ta. Ina roƙon ku haɗa kai da ita a fayyace wa kowa, da harshen da zai gane, cewa muryar mutum da fuskarsa mallakinsa ne. Ƙasar Denmak ta gabatar da ƙudurin gyaran dokar haƙƙin mallaka a 2025 a kan wannan manufa. Mu muna da dalilin da ya fi nasu. A Kano kaɗai akwai ɗimbin matasa da muryarsu ce jarinsu: masu fassara fina-finan Indiya, masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, masu karanta littattafai a YouTube, mawaƙa da 'yan wasan Kannywood, masu sanƙira da tallar magani a mota. In na'ura ta haɗiye muryar ɗayansu ta riƙa aiki da ita kyauta, wa zai biya shi, kuma ina zai kai kuka? Har mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya ana iya tayar da muryarsu a sa su yi wa ɗan siyasar da ba su taɓa sani ba waƙa, iyalansu na kallo. Kuma wannan ƙa'ida ta fara daga gida. Duk aikin gwamnati da ke tattara muryoyin Hausawa domin koyar da na'ura, a gaya wa mai muryar abin da za a yi da ita, a nemi yardarsa, a biya shi haƙƙinsa.

Amma a ganina mafi saurin amfani shi ne wayar da kai, kuma a nan ne nake ganin ana yawan kuskuren hanya. Taron otal a Abuja da allon Turanci ba ya isowa inda ciwon yake. Ku shiga rediyo, a tsakiyar shirye-shiryen siyasa na dare da kowa ke saurare. Ku sa a haɗa muryar mai gabatarwa da yardarsa, a kunna wa jama'a ta gaskiyar da ta bogin, a ce su bambance. Wanda ya ji wannan sau ɗaya ba zai manta ba. Ku zauna da limamai, domin aya ta shida a Suratul Hujurat da ta umarce mu da bin diddigin labari tana nan, kuma al'ummar da ta gaji ilimin tantance masu ruwaya ba za ta rasa fahimtar wannan ba. A koya wa kowane gida abubuwa masu sauƙi: in aka nemi kuɗi da gaggawa daga baƙuwar lamba, a kashe a kira lambar da aka sani. In aka ce kar a gaya wa kowa, to a gaya wa wani. Iyali su ajiye wata tambaya da su kaɗai suka san amsarta, kamar sunan akuyar da aka yanka ranar sunan wane. Ku buɗe lambar WhatsApp da mutum zai tura sautin da yake shakka a duba masa, a mayar masa da amsa da murya, ku yi aikin tare da masu bin diddigin labarai irin su Dubawa da malaman jami'o'inmu da ke nazarin Hausa da kwamfuta.

Mu ma ku yi amfani da mu. Shirin gwamnati na 3MTT na nufin horar da matasa miliyan uku a kan fasahar zamani, kuma abu ne mai kyau. To, a kasuwar waya ta Farm Centre da Beirut Road da kowace tasha da bakin kasuwa a Arewa akwai masu gyara da masu caji da masu turi da masu POS. Wurinmu ake fara kawo waya in wani abu ya rikice, kafin a je wurin 'yan sanda, kafin a je banki. Horon kwana uku ga irinmu, a kan yadda ake gane sautin bogi da inda ake kai rahoto, zai tare kuɗin mutane da yawa a bakin teburin mai POS kafin su fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan ɓoye ba, ranka ya daɗe, kuma ina faɗinsa da girmamawa. Kada wannan matsala ta zama sandar dukan masu faɗin gaskiya. Mun ga yadda aka yi amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida da matasa masu suka, har Kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Mun kuma ɗanɗana rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta a Satumbar 2021, lokacin da mutane ke tafiya mai nisa don kawai su kira 'yan'uwa su ce suna raye. Zaɓen 2027 na ƙaratowa. Za a haɗa muryoyin 'yan takara a sa su faɗi abin da ba su faɗa ba, kuma wanda aka kama da maganar da ya faɗa da bakinsa zai ce na'ura ce. Maganin duka biyun shi ne a samu masu tantancewa da jama'a suka yarda da su, waɗanda ba sa karɓar umarni daga kowace jam'iyya, su fito da hujjarsu a fili da Hausa. Ba a fafe gora ranar tafiya, yanzu ne lokacin kafa su.

Iya har yau tana zuwa shagona. Duk saƙon da ɗanta ya turo, ko gaisuwa ce kawai, sai ta tako ta kawo mini in saurara in ce mata shi ne. Jiya ma ta zo. Na saurara, na ce mata shi ne Iya, ga shi har ya tambayi ƙafarki. Ta karɓi wayar ta ƙulle a habar zani, ta tsaya jim, sannan ta ce in dai kira mata shi ta ji.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka, ya sa wannan takarda ta iso hannunka.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani mai gyaran waya daga birnin Kano.